Daga Gidan Rediyo Zuwa Kujerar Minista: Wazirin Katsina Alhaji Isa Kaita

Duk wanda ya shiga garin Dutsin-Ma ya tambayi yaro ina ne Isa Kaita, nan da nan zai nuna masa hanyar Kwalejin Ilmi. A wurin yawancin tsararrakina na Dutsin-Ma da Kurfi, Isa Kaita sunan makaranta ne kurum, inda yayyenmu suka je suka samo takardar shaidar malanta. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa mai wannan suna ya taɓa zama ma'aikacin gidan rediyo, kuma daga can ne ya biyo hanyar da ta kai shi kujerar minista. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in kawo wa 'yan'uwa masu karatu taƙaitaccen tarihinsa, da gardamar da na tashi na tarar ana yi a kansa a gidanmu, sa'an nan in faɗi abin da ni nake gani, musamman da yake a yanzu ma'aikatan rediyo masu sha'awar tsayawa zaɓe sun yawaita.

An haifi Isa Kaita a birnin Katsina cikin 1912, a gidan sarauta, domin mahaifinsa Malam Haruna shi ne Wazirin Katsina. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, makarantar da ta yaye Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya gama sai aka ba shi aikin koyarwa a Midil ta Katsina, ya yi wajen shekara tara yana riƙe da alli. Watau dai kafin ya san rediyo, kafin ya san siyasa, malamin makaranta ne. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila. Ingila ta matsu ƙwarai da neman sojoji da kayan masarufi daga ƙasashen da take mulki, ta kuwa lura Hausa ita ce harshen bariki a Afirka ta Yamma. A nan gida jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ita ke kai wa masu karatun boko labarin yaƙi. To, amma mutum nawa ne suka iya karatun? Saboda haka aka juya ga rediyo. A Ankara, babban birnin Gwalkwas wadda yau ake kira Gana, akwai wani gidan rediyo mai suna ZOY da Gwamna Arnold Hodson ya kafa a 1935. Can aka kai Malam Isa Kaita a 1941, shi da Malam Bello Dandago na Kano, suka riƙa karanta labarun yaƙi da Hausa. Wannan kuwa ya faru shekara 16 kafin BBC ta buɗe sashenta na Hausa a 1957 da muryar wani Bakatsinen, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi.

Ya kamata mu fahimci irin aikin da suka yi. Gidan rediyon na gwamnatin mulkin mallaka ne, lokacin kuma na yaƙi ne, saboda haka abin da hukuma ta yarda a ji shi ake karantawa. Aikin mai karatu shi ne ya zuba wa labarin Hausa mai daɗi, ya sa masa murya, yadda mai sauraro zai ji zuciyarsa ta kwanta da Ingila. Alhali kuwa a daidai wannan lokaci, bayan Jafan ta ƙwace Malaya a 1942, Turawa sun kafa aikin tilas a filayen haƙar kuza na Jos, aka yi ta kwasar talakawa daga lardunan Arewa har zuwa 1944, da yawansu kuma sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can. Samarinmu kuwa aka ɗebe su zuwa dajin Bama. Gidan rediyon gwamnati ba wurin kai kukan irin waɗannan mutane ba ne.

A 1944, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, Malam Isa ya bar rediyo ya komo gida ya kama aiki da Sarki da En'e ta Katsina. A 1948 ya tafi Ingila ya yi karatun sha'anin mulki a Ekseta. Da guguwar siyasa ta taso, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, aka kuma zaɓe shi ɗan Majalisar Dokoki ta Jihar Arewa a 1951. A 1954 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya ya riƙe ma'aikatar albarkatun ƙasa, sa'an nan daga 1957 har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 shi ne Ministan Ilmi. Abokin aikinsa Bello Dandago shi ma siyasar ya shiga, ya tafi majalisar tarayya a Ikko, ya kuma riƙe sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta a Kano.

Ni a bakin tsofaffi biyu na fara jin sunan Waziri a matsayin mutum, watau kakana da wansa, Allah ya jiƙansu. Kakana malamin firamare ne, ya yi makarantar horon malamai a zamanin Sardauna. Wansa kuwa tela ne, bai yi boko ba, kuma ɗan NEPU ne na gani-kashe-ni, har ya mutu bai canja ba. In an idar da sallar isha'i sukan zauna a zaure da 'yar rediyonsu, mu jikoki muna gefe muna tsokanarsu. Da zarar an gama labarun duniya sai gardama ta tashi, kuma sau da yawa a kan Waziri take ƙarewa.

Tsohon telan yakan ce, “Malam, mutumin da ya fara da karanta takardar Bature, me kake so ya faɗa wa talaka? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Jiya bakin Gwamna ne, yau bakin sarakuna.”

Kakana kuwa sai ya yi murmushi ya ce, “Yaya, ni dai ɗan manomi ne kamarka. Ban biya ko anini ba aka koyar da ni, aka ba ni abinci da tufa da sabulu, har da kuɗin kashewa. Wa ke riƙe da ma'aikatar a lokacin? In ka ƙi mutum, kada ka ƙi gaskiyarsa.”

Haka za su yi ta yi har dare ya raba, ba wanda ya taɓa kayar da wani. Da na girma na karanta tarihi sai na tarar kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya.

Ga hujjar telan. Tun da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, 'ya'yanta suka sha wuya a hannun hukumomin En'e a wurare da yawa na Arewa: ɗauri a kotunan alƙalai, da bulala, da hana izinin yin lacca. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai an ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Gwamnatin NPC ta ƙi yarda matan Arewa su jefa ƙuri'a, ba su sami wannan dama ba sai a 1976. Ta fuskar ilmi ma, Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta ga kowane yaro a 1955, Arewa kuwa sai ta zaɓi tafiya sannu-sannu, har aka yi juyin mulki tana can baya wajen yawan yaran da ke makaranta, balle 'yan mata. Waziri yana cikin manyan wannan gwamnati, yana kuma cikin na kusa da Firimiya. Ba yadda za a raba riba da shi a ce babu ruwansa da hasara.

Ga kuma hujjar kakana. Lokacin da Isa Kaita ya karɓi ma'aikatar ilmi, babu jami'a ko ɗaya a duk faɗin Arewa, kuma ofisoshin gwamnati cike suke da Turawa da mutanen Kudu saboda ƙarancin 'yan ƙasa masu takarda. A zamaninsa aka ƙara yawan makarantun sakandare da na horon malamai, aka yi dokar ilmi ta 1962 wadda ta tsara hukumomin ilmi na ƙananan yankuna, aka buɗe babbar kwalejin horon malamai a Zariya, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962. Dalilinsu na tafiya sannu shi ne, wai a fara samar da malamai kafin a tara yara. Ko mutum ya yarda da wannan dalili ko bai yarda ba, ai magana ce ta wanda ya taɓa tsayawa gaban allo.

To, ni abin da na lura da shi, wanda tsofaffin nan biyu ba su taɓo ba, shi ne halin rediyo ita kanta. Mai magana a rediyo yana zaune ne shi kaɗai a ɗaki rufe. Dubban mutane na jin sa, shi kuwa ba ya jin kowa. Ba mai katse shi, ba mai ce masa ƙarya ne, ba ya ganin wanda ya tsuke fuska ko wanda ya tashi ya bar wurin. Aiki ne mai koya wa mutum iya baki, amma ba ya koya masa sauraro, ga shi kuwa mulki ya fi bukatar kunne bisa ga baki. A ganina babban aibin gwamnatin da Waziri ya yi wa aiki ke nan: ta ɗauki talaka tamkar mai sauraron rediyo, a faɗa masa abin da zai amfane shi, shi kuwa ya yi shiru ya ji. Da talaka ya buɗe baki ya mai da amsa ta hanyar NEPU, sai aka ɗauki abin rashin kunya.

Abin da ya fisshe shi a wurina shi ne wancan aikin nasa na fari. Aji ba kamar ɗakin rediyo yake ba, don yaro yakan ɗaga hannu ya yi tambaya, in ya yi nisa ma ya yi musu da malaminsa. Makarantun da aka gina a ƙarƙashin Waziri su suka ba 'ya'yan talakawa bakin mai da amsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta zama matattarar masu sukar tsarin sarauta da na En'e, cikinsu har da Bakatsine Dokta Yusufu Bala Usman. A zaɓen 1979 kuma, lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, jam'iyyar PRP magajiyar NEPU ita ta ci kujerar gwamna da Alhaji Balarabe Musa, kuma malaman makaranta da ɗalibai na cikin waɗanda suka yi mata aiki. Wanda ya gina makaranta ya san wata rana za a fito daga cikinta a yi masa gardama, amma duk da haka ya gina.

Bayan 1966 Waziri ya zauna a Kaduna. A zamanin Shugaba Shehu Shagari aka ba shi shugabancin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, yana kuma cikin dattawan da suka yi fafutikar neman Jihar Katsina, wadda aka samu a 1987. Ya rasu a watan Nuwamba 1994.

Yau al'amarin rediyo ya canja. Tun da aka buɗe Freedom Radio a Kano cikin 2003, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yaɗu a Arewa, shirye-shiryen siyasa suka cika dare, har aka sami wata sana'a da ake kira sojan baka. Mai gabatar da shiri yakan yi suna cikin 'yan watanni, a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi ka ji ana maimaita maganarsa, daga nan sai a fara raɗa masa cewa ai shi ya kamata ya tsaya. Ba laifi ba ne. Ko a Amurka, Ronald Reagan da ya zama shugaban ƙasa a 1981 da sharhin wasanni a rediyo ya fara. Amma kafin mu ba irin wannan mutum ƙuri'a, ya kamata mu yi masa tambayoyin da tsofaffin gidanmu suka yi wa Waziri. Maganar da yake yi tasa ce, ko kuwa akwai mai biyan kuɗin filin? In wanda ba ya ra'ayinsa ya bugo waya, yakan bar shi ya kai aya, ko kuwa ya katse layin? Wace sana'a ya iya, wane aiki ya taɓa riƙewa ya ga bayansa, ban da magana?

Mu ɗaliban Hausa wannan ya fi shafa, domin da yawa daga cikinmu gidajen rediyo za mu nufa in mun gama, kuma harshen nan da muke nazari shi ne jarinmu. Magana zarar bunu ce, ta rediyo kuwa ta fi kowace saurin tafiya. Labarun da Malam Isa ya karanta a Ankara sun bi iska tun tuni, ba mai iya maimaita ko jimla guda daga ciki. Takardun da ya sa wa hannu a ma'aikatar ilmi kuwa har gobe ana cin moriyarsu, haka nan kuma ana nan ana tuna waɗanda aka toshe wa baki a zamanin gwamnatinsu.

Allah ya jiƙan Wazirin Katsina, ya jiƙan waɗanda suka yi masa adawa don kishin talakawa, mu kuma ya ba mu ikon faɗin gaskiya da jure jin ta, amin.