Zuwa ga Auta, a Tubab Jalaw



 Babanki yana gaishe ki, yayyenki ma haka. Na saurari saƙon muryarki har ƙarshe, na kuma ga gara in zauna in rubuto miki, domin maganar ta fi ƙarfin waya. Kin ce tun da kika isa ba a koya miki rawa ko guda ba, sai tsayuwa da numfashi da tafiya a rairayi, har kin fara tunanin ko kuɗin jirgi ya tafi a banza. To, wannan a fagena kika faɗo. Ba ni aron hankalinki.

Aikina a sashen gashin ƙashi, rabinsa koya wa manya tsayuwa ne da tafiya. Mutumin da ya samu shanyewar ɓarin jiki, sau da yawa ƙafar tana nan da sauran ƙarfinta, amma idan ya rufe ido bai san inda take ba. Ke yanzu rufe idonki ki ɗaga hannu. Kin san ko gwiwar hannun a lanƙwashe take ko a miƙe, ba tare da kin duba ba. Wannan labari daga cikin tsoka da jijiyoyi da gaɓoɓi yake zuwa ƙwaƙwalwa, dare da rana, kuma wani masanin jijiyoyi Bature ɗan Ingila, Charles Sherrington, shi ya yi bayaninsa ya ba shi suna a 1906. Tsayuwar da kike rainawa, abu uku ke riƙe da ita: ido, da ma'aunin da Allah ya sa a can cikin kunne, da wannan ji na tafin ƙafa da gaɓoɓi. Ba wanda yake tsaye cak. Jiki yana karkata kaɗan, sharaɓa ta janyo shi, ya zarce, ta sake shi. Steve Paxton, ɗan rawar Amurka, ya riƙa tsayar da ɗalibansa shiru don su ji wannan rangaji, yana ɗaukarsa a matsayin 'yar ƙaramar rawar da jiki ke yi da kansa. Abin da nake wahalar dawo wa marasa lafiyata, ke kina da shi cikakke, malamanki kuma wasa shi suke yi. Mai rawar da ba ta jin inda nauyinta yake, madubi ne ke yi mata jagora, kuma ranar da ta hau dandamali babu madubi.

Matar da ta kafa makarantarku ta san abin da take yi. Germaine Acogny, da aka haifa a Benin a 1944 ta girma a Senegal, ita ta shugabanci makarantar Mudra Afrique a Dakar daga 1977 zuwa 1982, wadda Shugaba Senghor da Maurice Béjart suka assasa. Daga baya ita da mijinta Helmut Vogt suka fara karantarwa a wannan ƙauye na masunta a 1998, suka gina École des Sables. A 2021 birnin Benis na Italiya ya ba ta kyautar Zakin Zinariya saboda aikin rayuwarta. Lambar yabon ba ta burge ni kamar yadda tsarinta ya burge ni, domin a ƙashin baya ta kafa komai. Ƙasusuwa 33 ne a jere, 24 daga cikinsu kowanne yana iya motsawa a kan ɗan'uwansa, amma yawancin masu zuwa wurina suna juya bayansu tamkar ƙashi ɗaya ne. Ita kuwa so take ki ji su ɗaya bayan ɗaya, ki iya kaɗa su, ki tamke, ki girgiza. Ta ce ki ɗauka akwai rana a ƙirjinki da farin wata a bayanki, ta kuma sa wa motsi sunan rimi da bado. Kin san rimi, kin san saiwarsa da tsayinsa. Idan aka ce ki zama shi, ki fara daga dunduniya kafin ki yi tunanin hannu.

Na fahimci tsoronki game da darasin ƙirƙirar nan take, inda ake cewa ki shiga fili ki motsa babu wanda ya tsara miki komai. Kin ce kullum sai ki tarar kina maimaita 'yan motsin nan da kika saba yi a bikin ƙawayenki. Haka jiki yake, Auta, yana bin hanyar da ya saba domin ta fi masa sauƙi. Kada ki yi faɗa da shi. Ki lura da motsin da ya fara zuwa, ki bar shi ya wuce, ki jira na bayansa. Shi ya sa malamai suke ƙuntata muku: yau kafaɗa ce za ta ja gaba, gobe ba a ɗaga ƙafar hagu daga ƙasa, jibi a rufe ido. Idan aka toshe hanyar da jiki ya saba, dole ya nemo wata. Mu ma a asibiti wani lokaci mukan ɗaure wa majiyyaci hannunsa mai lafiya don mai ciwon ya tashi aiki.

Shi kuma salon da Paxton ya fara a 1972, wanda mutum biyu suke jingina da juna suna karɓar nauyin juna, ba baƙonki ba ne. Tuna gaɗa a dandali. Yarinya ta juya baya ta saki jiki ta faɗa, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama. Wadda ta ƙanƙame jikinta don tsoro ita ce mai nauyi, ita ake kasa ɗagawa, ita ke jin ciwo. Wadda ta saki jiki kuma ba sakaci ta yi ba, ƙafarta tana shirye ko da hannu ya kuɓuce. Ilimin ke nan, sai dai su sun faɗaɗa shi zuwa birgima da ɗauka a kafaɗa da faɗuwa ta kowace fuska. Amma a nan ina da magana, kuma ba zan ɓoye ta ba. A gaɗa 'yan mata ne zalla. A can za a iya haɗa ki da namiji. Kin san gidan da kika fito, kin san addininki, kuma babanki bai amince da tafiyar nan ba sai da ya yarda da hankalinki. Ki je wurin malama tun kafin darasi ki gaya mata da wa za ki yi aikin jingina, da wanda ba za ki yi da shi ba. Ki faɗa a fili, ba tare da sunkuyar da kai ba. Makarantar da ke koya wa mutum sauraron jikinsa ba ta da hujjar ƙin sauraronsa idan ya ce a'a. Ni kaina ba na taɓa majiyyaci sai na nemi izininsa, ko da shi ya kawo kansa.

Tsara rawa kuwa, kowane gwani da tasa hanyar. Merce Cunningham tun farkon shekarun 1950 yakan jefa kwabo ya bar shi ya zaɓi motsin da zai biyo wani, don ya kauce wa sabon jikinsa. Na fahimci dalilinsa, amma zuciyata ta fi karkata ga Pina Bausch ta garin Wuppertal a Jamus. Ita tambayoyi take yi wa 'yan rawarta, game da ƙuruciya da tsoro da ƙauna da kewa, su amsa da jiki ko da baki, ta tattara amsoshin da yawa, ta zubar da mafi yawansu, ta ɗinka sauran. Rairayin da kike takawa ya san aikinta. Rawar da ta tsara a 1975 a kan kiɗan Stravinsky na bikin bazara, wadda ake yi a dandamalin da aka lulluɓe da ƙasa, a makarantarku aka koya wa 'yan rawa fiye da talatin daga ƙasashen Afirka 14. Annobar korona ta tsayar da su a 2020 ana dab da fara nunawa, sai suka fita bakin teku da almuru suka yi ta, aka ɗauka a fim. Sai a 2021 suka samu kai ta gaban jama'a a Madrid.

Idan malamanki suka bi hanyar tambaya, za su taɓo wurare masu zafi. Ki ba da gaskiya, domin jiki ba ya iya ƙarya ta daɗe. Amma ke ce mai zaɓen abin da za ki fitar. Rasuwar kakarki taki ce, kina iya yin rawa da ita. Sirrin yayarki da na gidan mijinta ba naki ba ne. Sannan akwai wani tarko da nake hango miki. Wasu masu kallo daga waje sun riga sun yanke abin da suke so su gani daga 'yar Afirka: ganga, gumi, tsalle, girgiza. Kada ki ba su don tafi kawai. Kada kuma ki ji kunyar koroso ko takai don a ce kin waye. Idan bugun ƙafar 'yan koroso da ƙarar kacau-kacau ɗinsu ne abin da aikinki yake nema, ki koma ki koye shi sosai a wurin masu shi, ki kuma ambace su. Idan shiru yake nema, ki tsaya shiru.

Maganar dangi ba ta ƙare ba. Gwaggonki har yanzu cewa take 'yar gidan mutunci ba ta zama 'yar rawa. Ba na gardama da ita, domin tsoronta na ƙauna ne, kuma ta ga abin da ta gani a duniya. Wannan ki bar mana ni da babanki. Naki shi ne salla a kan lokaci, kuma kin yi sa'a ƙasar Musulmi kike, ba za ki rasa jin kiran salla ba.

Saura ciwon ƙwaurin da kika ambata a ƙarshen saƙonki kamar ba komai ba. Rairayi yana tausasa dira, amma yana gajiyar da sharaɓa da tafin ƙafa, domin ƙasar tana zamewa a ƙarƙashinki. Idan kuma kika koma ɗakin da ke da daɓe mai tauri a rana ɗaya, ƙwauri ne ke biyan bashin. Ki bambanta ciwo biyu. Tsamin jiki yana bazuwa a tsoka, ya fi tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, yana kuma sauƙi idan jiki ya ɗumama. Wannan ki ci gaba a hankali. Amma ciwon da za ki iya nuna shi da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda yake ƙaruwa da tsalle, ko ya kumbura, ko ya tashe ki da dare, yana iya zama tsagewar ƙashi. Wannan ki tsaya, ki je asibiti a yi hoto, kada ki bari kowa ya murza miki shi. Targaɗen idon sawu ma kada ki raina, shi ne yake yawan dawowa ga wanda ya yi gaggawar komawa fili. Ki ci abinci sosai, shinkafa da kifin nan nasu ya dace da aikinki, ki sha ruwa kafin ƙishi ya kama ki. Idan al'adarki ta ɗauke ko ta rikice, ki gaya mini nan da nan, domin sau da yawa alama ce cewa abincin bai kai aikin ba, kuma ƙashi ne ke cutuwa.

Ki aiko mini da hoton ƙafar, ta gaba da ta gefe, kina tsaye babu takalmi, ki sa alama da biro a daidai inda yake miki zafi. Zan ba yayanki kuɗin wata ya tura miki ranar Litinin in sha Allah. Ki gaishe da abokiyar ɗakinki da malamanki.

Allah ya tsare ki, ya yi miki albarka.

Ummanki