Manhajarka ta iya yin sallama kafin ta tafi?

'Yan uwa masu karatun kwamfuta a nan kudu, musamman ku 'yan aji huɗu da firojek ya hana ku barci. Akwai abin da ban taɓa jin an koyar da shi a lakca ba, kuma yana iya kunyata mutum ranar difens: yadda ake rufe log idan manhaja za ta tsaya.

Log shi ne shaidarka. Firojek ɗina manhajar rajistar halartar lakca ce da Java, kuma duk lokacin da ɗalibi ya ce ai ya sa hannu, log ne kaɗai zai raba gardama. To amma layukan ƙarshe, waɗanda aka rubuta daf da tsayawar manhaja, su suka fi saurin ɓacewa, alhali su suka fi amfani.

Ga dalili. Yawancinmu da SLF4J muke rubuta log. Ceki Gülcü ne ya ƙirƙiro shi, shi ne kuma ya yi Log4j na farko da Logback. SLF4J ɗan aike ne kawai: kai ka faɗa masa, shi ya miƙa wa Logback ko Log4j 2 su rubuta. Amfanin hakan ya bayyana a Disamba 2021, lokacin da aka gano ramin Log4Shell a Log4j 2. Wanda ya tsaya a bayan SLF4J zai iya sauya injin da ke ƙasa ba tare da ya bi fayil ɗari yana gyara ba.

Sai dai SLF4J ba shi da umarnin rufewa ko ɗaya. Idan kuma kana amfani da AsyncAppender na Logback, saƙonni suna jira ne a layi mai ɗaukar 256 kafin su sauka a faifai. Manhaja ta tsaya ba sallama, waɗanda ke layi sun tafi ke nan.

Abin da na ga wasu na yi shi ne su kira stop() na LoggerContext a tsakiyar kod ɗinsu. Yana aiki fa, amma ka ɗaure kanka da Logback. Ranar da ka koma Log4j 2, wanda nasa umarnin LogManager.shutdown() ne, sai ka zauna warwara.

Ni ga yadda na tsara nawa. Duk sauran kod ɗin SLF4J kawai ya sani. Aji guda ɗaya tak, kusa da main, shi ya san sunan injin, shi ke rufe shi. Logback ma yana ba ka damar sa shutdownHook a cikin logback.xml, ka ga kod ɗinka bai ambaci sunansa ba sam. Log4j 2 kuwa da kansa yake sa nasa.

Sai a kula da tsari. JVM tana tayar da ƙugiyoyin rufewa duka a lokaci guda, ba ta yi alkawarin wanne zai riga wanne ba. Idan log ya rufe alhali ma'ajiyar bayanai tana kan rufewa, kuskuren da ta yi babu mai rubuta shi. Shi ya sa na haɗa su a ƙugiya ɗaya: a daina karɓar buƙatu, a rufe ma'ajiyar bayanai, log ya zo ƙarshe, kamar mai gadin da ke kulle ƙofar hol bayan kowa ya fita.

Gaskiya ɗaya kuma, tunda kun san halin wuta a hostal. Ctrl+C da kill na yau da kullum suna ba manhaja damar yin sallama. Amma kill -9, ko a ɗauke wuta ga laftof mai mataccen batir, babu ƙugiyar da za ta gudana. Don haka abin da ya shafi kuɗi ko maki, a rubuta shi kai tsaye, kada a bar shi a layi.

Kafin difens, gwada: kunna manhajar, danna Ctrl+C, buɗe fayil ɗin ka ga ko layin ƙarshe ya sauka. Masu Spring Boot da Python, ku faɗa mana yadda kuke yi a naku ɓangaren. Allah Ya ba mu sa'a, Ya mai da mu gida lafiya.