Numfashi Shida

Dattijon ya kusa wata guda a ɗakin kulawa ta musamman, na'ura tana hura masa iska ta bututun da aka kafa a maƙogwaronsa. Ciwon huhun da ya kwantar da shi ya lafa, amma duk lokacin da aka zare na'urar, kafin a jima sai haki ya taso, gumi ya keto masa. Ƴarsa ta ɗauka ciwon ne ya dawo. Likitar motsa jiki ta ce a'a, tsoka ce ta yi sanyi.

Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka mai kama da kifaffiyar ƙwarya. Ita ce ke sauka ta jawo iska cikin huhu, dare da rana, tun daga ranar haihuwa. Idan na'ura ta karɓe mata aiki, sai ta soma ramewa, da hanzarin da ke ba da tsoro: wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya ga alamun ramar bayan awa 18 zuwa 69 kacal.

Maganin kuwa ba ya da kwarjini ko kaɗan. Wani ɗan bututun roba ne mai murfi a ciki, wanda ba ya buɗewa sai an ja iska da ƙarfi. Akan fara auna iyakar ƙarfin majinyaci, a saita murfin a wajen rabinsa, a haɗa da bututun maƙogwaro.

"Baba, ja da ƙarfi. Sau shida kawai, sai ka huta."

Bai iya amsawa ba, domin iskar ba ta bi ta inda murya ke fita; ido kawai ya lumshe. Shida, a mayar da shi kan na'ura, sannan wata shida, har zagaye biyar, idon likitar na kan bugun zuciya da awon iskar jini. A wani gwaji da aka yi a Fulorida, aka wallafa a 2011, mutum 25 cikin 35 da suka yi irin wannan horo sun rabu da na'ura, alhali 16 cikin 34 ne suka rabu da ita a ɗaya rukunin. Adadin bai kai a yi alkawari da shi ba, kuma likitar ba ta yi ba.

Ranar farko ja huɗu ya yi, ya ɗaga hannu. Bayan mako biyu ya wuni ba na'ura. Da aka sa masa murfin magana, ƴar ta matso kusa, tana jiran addu'a ko wasiyya. Kunu ya tambaya.