Ƙwaryar Inna da Daron Yaya

Duk abin shan da ake haɗawa a gida, fura ce ko kunun zaƙi ko zoɓo, daɗinsa da lafiyarsa daga wurin wanke-wanke suke farawa. Mutane kan yaba hannun mai damu, su yaba hatsi da nono, amma da wuya ka ji an tambayi inda aka wanke ƙwaryar. A gidaje biyu na tashi, ɗaya a karkarar Mayahi, ɗaya a cikin garin Tasawa, kuma a dukkansu aikin wannan wuri aka fara koya mini tun kafin a bar ni in taɓa muciya.

Ƙauyenmu yana kan jigawa ta wajen Kanan-Bakashe, ba nisa da kwarin Gulbin Kaba, gulbin da ba ya gudu, sai goruba iya ganinka. Rijiyarmu mai zurfi ce, sa ke jan guga, kowane tulu kuma da gumi yake isowa gida. Saboda haka wurin wanke-wanken Inna ba shi da faɗi. Wani lungu ne a gindin darni, da masaki biyu: ɗaya na wanki, ɗaya na ɗauraya. Toka, rairayi mai laushi da soso, su ne kayan aikinta. Ƙwaryar nono ba ta ganin sabulu. Ruwan zafi take zuba mata, ta goge ciki da soso, ta kife ta bisa rumfa rana ta gama sauran aikin. Idan na tsoma ludayin miya cikin masakin ɗauraya, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ƴar nan, kayan fura ba sa haɗa ruwa da kayan miya. Maiƙo ɗaya ya isa ya ɓata damun yini guda."

Ba a zubar da ruwa haka kawai a gidan nan. Ƙasari na awaki ne, ruwan ɗauraya kuma na duman da ke hawa darni, wanda daga gare shi ake fafe ƙoren baɗi. A farin 1984, lokacin da hatsi ya gagara, rijiya ta ja baya, Inna ta rage yawan ruwan amma ba ta haɗe masakin biyu ba. Haka nan ƙwaryar da ta tsage, in gyartai ya ɗinke ta, to ta bar aikin nono ke nan, ta koma awon dusa. Sai da na girma na gane dalilin: tsamin jiya yana maƙalewa a cikin ɗinkin, soso ba ya kai masa, shi ne kuma ke juya nonon yau tun kafin azahar.

Da na shiga kwaleji sai aka kai ni Tasawa, gidan yayata. A can na ga fanfo da wutar Nigelec da firiji. Bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan masarufi suka yi tsada, albashin maigida ya daina kai ƙarshen wata, sai Yaya ta fara zoɓo da lemun tsamiya da kunun aya na sayarwa. Aya ba ta wuya a jihar Maraɗi, yakuwa ma ga ta a gefen gonaki. Abin da ya rage shi ne mazubi. Yaya ta tara kuɗin adashinta da niyyar sayen babbar tukunya, sai ga Inna ta zo ganin jika.

"Tukunyar da kike da ita ta ishe ki yanzu," in ji Inna. "A ina za ki wanke kayan?"

"Ga bahon wankin yara nan, Inna."

"Abin da bakin mutane zai sha, a bahon tsumma? A'a. Tashi mu je kasuwa."

Ni na bi su da faifai a ka. Iri uku muka tarar: kwalla mai fenti, daron alminiyom, da bahon roba irin wanda ake kawowa daga Kano. Inna ba ta fara da tambayar kuɗi ba. Ta ƙwanƙwasa kwallar, ta shafa gindinta da yatsa, ta nuna wa Yaya wani ɗan baƙin tabo inda fenti ya ɓare. Ta ce nan tsatsa za ta kama, tsamin zoɓo kuma ya ƙara cin wurin. Roba ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, amma rairayi na karce ta, dauɗa ta zauna cikin karcen, ranar Tasawa kuma ta busar da ita har ta tsage. Daro aka zaɓa, mai zurfin da bokiti da mataci za su nutse gaba ɗaya, mai santsin ciki, marar lungu. Aka ƙara da roba guda sabuwa don ɗauraya kaɗai, da sharaɗin kada rairayi ya taɓa ta, kada kuma a jiƙa zoɓo cikin daron, domin tsami da alminiyom ba sa shiri.

Saura mazauni. Magini ya ɗaga dakalin siminti daidai ƙugu don kada baya ya ƙage, ya karkata shi kaɗan ruwa ya riƙa gangarawa, ya haƙa rami a gefe ya cika da duwatsu. Ruwan wanke-wanke mai sukari in ya kwanta a tsakar gida, ƙuda da sauro yake gayyata, in ya bi wuriya zuwa titi kuma ya jawo faɗa da maƙwabta. An kuma yi dakalin nesa da makewayi, kusa da inda mai garuwa ke juye ruwa.

Yau sana'ar ta yaɗu fiye da wancan lokaci. Tasha, bakin makarantu, kasuwannin mako daga Korgom zuwa Sarkin Hausa, ko'ina akwai yarinya da bokitin sanyi. Ƙullin leda ya ragu, gorunan roba da aka riga aka sha lemo a ciki sun yi yawa, kuma a nan hatsarin yake. Gorar da ta bi hannu da baki da yawa, kurkura ɗaya ba ta isar mata. Sai an jiƙa ta cikin ruwan sabulu, an sa buroshi har gindi, an wanke murfin daban, an tsoma ta a ruwa mai ɗan javel, an ɗauraye, an kife ta bushe. Ragowar sukari a ciki shi ke sa zoɓo ya yi kumfa, gora ta kumbura. Mun ga kwalara a jiharmu a 2018, wadda ta ɓulla ta wajen Madarunfa, muka sake ganinta a 2021. Cuta ce da ke bin gurɓataccen ruwa da mazubi marar tsafta.

Ƴar'uwa mai shirin fara sana'ar abin sha, kafin ki sayi firiji ko babbar tukunya, ware kuɗin mazubi biyu masu zurfi da ba a wankin tufafi a cikinsu, ki ɗora su a kan dakali, ki yi wa ruwa hanyar fita. Yaron da ya miƙo miki dala biyar ɗinsa bai ga inda kika wanke gorar ba, amana ya ba ki, kuma za a tambaye ki a kanta.