Abin da ya maƙale a bindigar Abba

1/ Yau zan ba ku labarin ranar da na kusa jawo wa gidanmu makoki na biyu cikin mako guda. Duk wanda aka taɓa ajiye bindiga a gidansu, don Allah ya karanta har ƙarshe.

2/ A Nassarawa GRA na tashi. Mu ƙarar bindiga ta biki muka sani: ranar Hawan Nassarawa, 'yan bindigar Sarki na tashin albarushi a hanyar Gidan Gwamnati, mu yara muna ihu. Ban taɓa kallonta a matsayin abin da ke kashe mutum ba.

3/ Abba yana da tasa, mai baki biyu, da lasisinta. Da ita yake harbin zabi idan ya je gona. Da ciwo ya kwantar da shi sai ta koma saman kabad, ta yi shekaru ba a taɓa ta ba.

4/ Bayan rasuwarsa, ran sadakar bakwai da yamma, Umma ta ce in tattara kayan ɗakinsa. Na sauko da bindigar, na karya ta yadda na sha ganin yana yi. Rami ɗaya wayam. Ɗayan kuwa ga gindin harsashi a ciki, ya yi kore, ya ƙi motsi.

5/ A raina na ce ai kwanso ne, an riga an harba. Na sa farce, ya ƙi. Na sa wuƙa, ya ƙi. Sai na ɗauko guntun rodi da guduma, na fito tsakar gida, zan zura ta baki in doko shi. 'Ya'yan yayata uku na zagaye da ni suna kallo.

6/ Sai na ji tsawa daga bakin ƙofa: "Kai! Ajiye ta!" Baba mai gadinmu ne, tsohon soja. Tun ina goye yake gidan, ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba.

7/ Ya fara korar yaran ciki, sannan ya karɓa, ya juya bakinta ƙasa.
"Ɗan nan, wa ya ce maka babu komai a ciki?"
"Baba, ai tsoho ne."
"Tsohon maciji ba ya sara?"

8/ Ya zaunar da ni ya yi min bayani. Kwanso yana maƙalewa ne in tsatsa ko datti ya kama ramin. Tsofaffin harsasai masu jikin takarda kuma, danshin damina na kumbura su. Sai ɗan haƙorin da ke jawo kwanso waje ya zame, ya bar shi.

9/ Ya ce ko ka ga tabon allura a gindinsa, ba shi ke nuna an harba ba. Wani an buga shi ne ya ƙi tashi, albarushinsa na nan. Ka doke shi ta baki, hannunka da fuskarka na daidai inda wuta za ta fito.

10/ Washegari muka ɗauki lasisin, ni da yayana, muka je hedikwatar 'yan sanda ta Bompai muka yi bayani. A nan na san dokar bindigogi ta Najeriya tun ta 1959 ce, kuma lasisi ba gado ba ne. In mai shi ya rasu, kwana 14 kacal doka ta ba magada su riƙe ta.

11/ Jami'in da ke kula da makamai ne ya fitar da shi, da kayan aikinsa. Ya ɗora min a tafin hannu. Nauyinsa kawai na ji gwiwata ta saki. Cike yake, ba a taɓa harba shi ba.

12/ Bindigar a can muka baro ta. Na ji zafi, don warin man da Abba ke shafa mata har lokacin yana jikinta. Umma ta ce, "Ka bar ta. Addu'a yake buƙata a wurinka."

13/ Don haka in ka tsinci bindiga a kayan mamaci: ka ɗauka da harsashi a ciki. Kar ka leƙa bakinta, kar ka kai yatsa kan kunama, kar ka doka komai. Fitar da yara, kulle ɗakin, sanar da 'yan sanda.

14/ Ƙaramar cikin yaran nan bana ta shiga aji ɗaya. Duk ranar da ta rugo tana kiran "Kawu", sai na tuna inda take tsaye a ranar. Allah Ya jiƙan Abba, Ya saka wa Baba da alheri.