Gardamar Windows da Linux a Shagon Yayana

Tun muna aji huɗu ni da wani abokina da muke ɗaki ɗaya muke gardama a kan abu guda. Shi mutumin Windows ne, ni kuwa ba ni da magana sai ta Linux. Mun sha yin ta bayan an kashe fitila, har sai shugaban ɗaki ya daka mana tsawa. To, a dogon hutun da ya wuce abin ya tashi daga cacar baki ya taɓa dukiyar mahaifina, shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labari.

Ga wanda bai san abin da ake gardama a kai ba, bari in kawo misali daga garinmu Warra, a bakin tafkin Kainji. In ka je bakin ruwa ranar kasuwa za ka ga jirage sun jeru. Jirgi katako ne da inji, ba ya zuwa ko'ina sai da matuƙi. Matuƙi ne ke cewa buhunan nan a sa su tsakiya, mata su zauna nan, awaki can, shi ne kuma ya san yawan man da ya rage. Haka kwamfuta take. Akwai wata babbar manhaja da ke farkawa da zarar an kunna ta, ita ke raba wa sauran manhajoji wurin zama, ita ke magana da firinta da madannai. Malaminmu na kwamfuta yana ce mata uwar manhaja. Windows uwar manhaja ce, Linux ma haka.

Windows ta kamfanin Microsoft ce na Amurka, ta fara fitowa a 1985, kuma sayar da ita ake yi. Linux kuwa wani ɗalibin jami'a ne a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, ya bar ta a buɗe kowa ya ɗauka kyauta, ya gyara, ya ba wani. Shi ya sa ta yi 'ya'ya da yawa. Wadda aka fi sani ita ce Ubuntu, wadda wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004. Sunan ma daga harsunan can ya fito, ma'anarsa ta yi kusa da abin da muke ce wa mutumtaka. Akwai kuma ta kamfanin Apple, amma ita sai a kan kwamfutocin kamfanin take tafiya. Sau ɗaya na taɓa ganinta, a hannun wani ɗan bautar ƙasa, ya kuma hana mu taɓawa, don haka ba ni da bakin magana a kanta.

Mahaifina fataucin bandar kifi yake yi. Yakan ba masunta kuɗin koma da na mai tun kafin kifi ya fito, su kuma su biya shi da kifi kaɗan-kaɗan. Wannan bashi shi ne jarinsa, kuma shekara da shekaru a wani tsohon littafi yake rubuta shi da ajami. Da Yaya ya gama karatu ya rasa aiki, sai Baba ya sayar da bijimi ya saya masa tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da firinta da ƙaramin janareta. Janareta dole ne, don ko da yake ruwan da muke gani a ƙofar gida shi ke juya injinan madatsar Kainji tun 1968, wuta a garinmu baƙuwa ce. Yaya ya buɗe shago kusa da kasuwa. Da rana yana buga wasiƙu da katin biki, yana tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a memori, da yamma kuma yara su biya su yi wasan ƙwallo bibbiyu. Da ya ga abin ya kankama sai ya shawo kan Baba cewa zamanin littafi ya wuce. Ya kwashe lissafin bashin nan kaf ya zuba a Excel, ya ajiye a filashi. Tun daga nan Baba ya daina rubutu, sai dai ya zo da yamma ya faɗa, Yaya ya shigar.

Kwana uku da isowata hutu, Baba ya zo shago da wani masunci suna musu a kan ragowar bashi. Yaya ya sa filashi ya buɗe. Sunayen fayiloli suna nan, amma in ya danna ba abin da ke fitowa. Ya cire ya sake sawa, ya kashe ya kunna, shiru. Na ga zufa tana keto masa alhali janareta na juya fanka. Baba bai ɗaga murya ba. Ya dube shi kawai ya ce, "Lissafin wata tara ke nan fa." Sa'an nan ya sallami masuncin, ya fita. Daren nan Yaya ko tuwo bai taɓa ba.

Laifin namu ne, ba na kowa ba. Windows 7 ce a kan kwamfutar, ba ma ta asali ba, kwafi ce da aka sa mana a kasuwa. Masu ita kuwa sun daina aiko mata da gyara tun watan Janairu na 2020. Ga shi kullum memori ashirin ko talatin na mutane daban-daban suna shiga suna fita. Ai ko rijiya ce kowa ke jefa gugarsa haka, wata rana sai an jefa mai dauɗa. Cutar kwamfuta ce ta shigo ta wannan hanya.

Ana nan sai na tuna da wani filashi da Malam ya ba mu, mu 'yan ƙungiyar kwamfuta, ranar da za mu tafi hutu. Lubuntu ce a ciki, wato ƙanwar Ubuntu marar nauyi, wadda aka yi domin tsofaffin injina. Ana iya tayar da kwamfuta da ita daga filashin ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Na ce, "Yaya, ka bari in gwada." Ya ce, "Gwada mana, me kuma ya rage?" Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Na kunna, hannuna yana rawa, fuskar Lubuntu ta bayyana. Na sa filashin Baba. Wallahi sai ga lissafin nan zaune lafiya lau, tun daga sunan farko har na ƙarshe. Ashe irin wannan cuta ba share fayiloli take yi ba, ɓoye su take yi, ta ajiye na bogi masu sunansu. Linux kuwa ba ta kula da alamar ɓoyewa irin ta Windows, kuma cutar ba ta iya motsi a cikinta, don ba da yarenta aka rubuta ta ba. Muka buga lissafin a takarda a daren, muka kai wa Baba yana alwalar asuba. Ya sa mini albarka har sau uku.

Da a nan na tsaya, da na dawo makaranta da kaina a sama. Amma ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Na yi ta zuga Yaya cewa Windows ba ta da wani amfani, shi kuma don jin nauyin abin da na yi masa ya ce in yi yadda na ga ya dace. Ranar da ya tafi Yelwa sayen tawada da takarda, na share Windows gaba ɗaya, na dasa Lubuntu.

Gaskiya wasu abubuwa sun gyaru. Kwamfutar da a da sai ka kunna ka je ka sha koko ka dawo, yanzu nan da nan take tashi. Tura fina-finai ya tafi sumul, ba wanda ya sake dawowa yana cewa mun lalata masa memori. Wasiƙu ma LibreOffice tana buga su, kuma kyauta ce. Sai dai wani magatakarda ya kawo takardar da aka shirya da Word, da muka buɗe sai layuka suka goce, teburin da ke ciki ya tsallaka shafi na biyu, muka ɓata rabin yini muna gyara. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne katin biki. Da CorelDRAW Yaya ya iya zane, ita kuwa ba a yi ta domin Linux ba. Na nuna masa Inkscape, na ce ai duk ɗaya ne. Ya dube ni ya ce, "Wata shida na yi ina koyon waccan, kai kuma kana so in koyi wannan kafin Juma'a?" Mai katin ya gaji da jira ya kai aikinsa wani wuri. Da yamma yara suka zo da kuɗinsu, wasan ƙwallo ya ƙi tashi. Suka ɗan yi wasan kati da na kawo musu a madadi, suka watse suna dariya. Bencin da ke cika kullum ya zama wurin kwanan akuya.

Bayan sati biyu muka ɗauki kwamfuta sai Yelwa wajen mai gyara. Da ya kunna ya ga fuskarta sai ya ce, "Wannan kuma wace aba ce?" Nan na ga wani abin da ban taɓa sawa a lissafi ba. Daga Yauri har Ngaski da Shanga, in Windows ta ba ka matsala ba za ka rasa wanda ya san kanta ba. In Linux ce kuwa, daga kai sai Malam, shi kuma yana hutu a garinsu. Muka tambayi sabuwar Windows, ya ce injinmu ba zai ɗauki ta 11 ba sam, ta 10 kuma za ta yi masa nauyi. Ita ma ta 10 ɗin an rufe mata gyara na yau da kullum a watan Oktoba na 2025. Dole muka koma wa tsohuwar.

Da muka dawo gida na raba rumbun kwamfutar biyu, na dasa Lubuntu a gefen Windows, yadda in an kunna sai ta tambaya wace ake so. Yaya ya kafa doka. Memorin baƙo da lissafin Baba da shiga intanet, duk ta Lubuntu. Katin biki da wasan yara ta Windows, kuma ba a sa mata komai daga waje. Kuɗin mota da na gyara kuwa daga kuɗin garin kwaki da sukarina na makaranta aka cire su. Duk wanda ya ga akwatina a farkon zangon nan ya san ba ƙarya nake ba. Shi ko Baba, washegari ya aiki ƙanena ya sayo masa sabon littafi mai bango mai kauri. Har yanzu yana zuwa shago da yamma ya faɗa a shigar, amma sai ya fara rubutawa da ajaminsa tukuna.

Da na ba abokina wannan labari, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai ya gaya mini, duk ofishin da na shiga Windows zan tarar, ɗakin kwamfutarmu ita ce, kuma tunda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, gara in saba da abin da hannuna zai fi haɗuwa da shi. Ban musa masa ba. Na dai tambaye shi wace waya ya bari a gida. Ya ce Android. Na ce to, ita ma a kan Linux aka gina ta, haka kuma manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya, tun 2017 dukansu Linux suke ɗauke da ita. Masuntan garinmu da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba, da ita suke kiran dillali su ji farashin kifi, da ita suke kallon fim a cikin jirgi. Ya ce wannan waya ce, ba kwamfuta ba. Na ce ya je ya tambayi Malam. Muna cikin haka shugaban ɗaki ya haska mu da tocila, ya ce gobe mu biyu ne za mu share bayan ɗaki.