Tiyar hatsin da ba a rubuta ba

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Adar kafin shekarar 2005 ba ya bukatar a tuna masa da abin da ya faru. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, farin dango kuma suka sauka a kan ɗan abin da ya saura a gonaki. Zuwa watan Yuli na 2005 buhun hatsi ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni, alhali a shekara mai albarka ba ya kai rabin haka. Samarin da suka saba zuwa bida Abijan, yaƙin da ya ɓarke can tun 2002 ya rage musu samu. A ƙauyukan Keita da Buza mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, su ba yara.

A lokacin ina ɗan lise a Tawa. Mahaifina, malamin lakkol, ya rasu shekara biyu kafin nan, ya bar mu da Inna. Mu Kirista ne, kuma kowa ya san ba mu da yawa a garin. Wata ranar Alhamis gwaggona ta iso daga ƙauyensu na wajen Keita da yara uku, ta goyo ƴar autarta, ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja. A shekarar nan likitocin ƙungiyar MSF sun yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, har da nan Tawa, muka yi shirin kai ta da safe. Ba ta ga safiyar ba.

Ran Lahadi na ƙi zuwa majami'a. Na ce wa Inna: "Inna, Allahn da kike roƙo dare da rana, ina yake sa'ad da yarinyar nan take numfashinta na ƙarshe?" Ba ta tsawata mini ba. Ta ɗaura kallabinta ta tafi ita kaɗai.

Muna da maƙwabci, wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwa, abokin hirar mahaifina. Ya zo gaisuwa ya zauna a ƙofar gida har la'asar, bai faɗi kome ba sai "Allah ya ba da haƙuri". Ran Juma'a da aka sauko daga masallaci yaronsa ya kawo tiya uku na hatsi. Inna ta aike ni in ce masa ya rubuta, za ta biya da kaka. Ya dube ni ya ce: "Ɗana, koma ka gaya wa innarka ba ni da takardar da ake rubuta irin wannan." Haka ya riƙa yi kowace Juma'a har sabon hatsi ya shigo.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, mu takwas ne a gidan, amma kafin a kai hatsin turmi sai Inna ta ɗebi ƙwarya guda ta ajiye gefe, wai rabon wanda zai zo. Kuma kullum sai wani ya zo: tsohuwa daga Abalak wadda dabbobinsu suka mutu, ko almajiri, ko mai jego. Da na yi magana ta ce mini: "Kai ka tambaye ni inda Allah yake. Ga shi ya biyo ta hannun Alhaji ya shigo gidan nan. So kake in rufe ƙofa kada ya wuce gaba?"

Sai da na girma na gane cewa abin da Manzo Bulus ya koya wa ikkilisiyar Koranti ke nan, wato ta'aziyyar da mutum ya samu wurin Allah cikin wahala amana ce, an ba shi domin ya kai wa wani mai wahala. Na kuma tuna da abokan Ayuba, waɗanda suka zauna tare da shi kwana bakwai ba magana. Sai da suka fara neman dalilin masifarsa suka ƙara masa ciwo. Har yau ban san dalilin mutuwar yarinyar nan ba, ba kuwa zan yi muku ƙaryar na sani. Abin da na sani shi ne ba a bar mu mu kaɗai ba, kuma wanda Ubangiji ya aiko bai tambayi addininmu ba.

Faɗa da baki ba wuya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙasashen CEDEAO suka rufe mana iyakoki, shinkafa da mai suka yi tsada, wata mata ta yi sallama a ƙofata da yara biyu. Albashina yana aljihu, amma na ji bakina yana shirin cewa "Allah ya ba da sa'a". Na tsaya. Na tuna da ƙwaryar Inna, kunya ta kama ni. Tun ran nan, duk ƙarshen wata, matata tana ware rabon wanda zai zo kafin mu taɓa kome.

Ya ku ƴan kasuwa da ma'aikata, mu ne masu sito da masu albashi, kome ƙanƙantarsa. Ba wanda ya ce ka ciyar da Adar duka. Amma akwai gida ɗaya a unguwarku da hayaƙi bai tashi ba tun jiya, ka kuwa san shi. Kada ka jira su roƙa, gama mai mutunci ya gwammace ya kwana da yunwa da ya miƙa hannu. Alhaji ya rasu, Inna ta tsufa, bashin nan kuwa ina nan ina biya. Allah ya ba mu ikon sauke shi, amin.